Kundin aiki: gwajin rabuwa da taswirar haya

Litinin, 3 ga Maris, 2025

An buɗe wannan kundi ne don rubuta yadda aikin ke tafiya. Aikin shi ne a ɗauke manhajar isar da kaya daga kan taswirar da ake biyan hayarta wata-wata, a ɗora ta kan bayanan OpenStreetMap, buɗaɗɗiyar taswirar duniya ta kyauta da 'yan sa-kai ke zanawa, a ga abin da zai tsaya da ƙafarsa da abin da zai durƙushe. Ba za a yanke hulɗa da kamfanin hayar ba tukuna. Tsarin biyu za su riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa, ana kwatanta amsoshinsu, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Yankin gwaji ƙasa ɗaya ce mai matsakaicin girma, da ɗan ɓangaren maƙwabciyarta inda motoci ke tsallakawa.

Abin da mai waya ke kira taswira abu huɗu ne aka haɗe: hoton da ido ke gani, neman adireshi, lissafin hanya, da labarin cunkoso. Kamfani yana sayar da su a dunƙule, shi ya sa ba kowa ke lura cewa wahalarsu ba ɗaya ba ce. Mu za mu warware su, mu bi kowane daban.

Don a san nauyin abin da ake ƙoƙarin maye gurbinsa: Nokia ta sayi Navteq kan dala biliyan 8.1, cinikin ya kammala a 2008, kuma a wannan shekarar TomTom ta sayi Tele Atlas kan yuro biliyan 2.9. Navteq da Tele Atlas su ne suka riƙe taswirar titunan duniya a lokacin, da motocin awo da ma'aikata masu bin titi ɗaya bayan ɗaya. Bayan shekara bakwai, a 2015, Audi da BMW da Daimler suka karɓi HERE, magajiyar Navteq, kan yuro biliyan 2.8. A tsakanin waɗannan shekaru ne OpenStreetMap, aikin da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, saboda tsada da ƙa'idojin bayanan hukumar taswira ta Ordnance Survey, ya tashi daga wasan masu yawo da na'urar GPS a keke ya zama rumbun da manyan kamfanoni ke ɗiba.

Farashi kuma ba ya zama wuri ɗaya. A Yulin 2018 Google ta mayar da kuɗin buɗe taswirarta a shafin wani dala 7 kan kowane 1,000, daga rabin dala, kuma kyautar buɗewa 25,000 a rana ta koma kusan 28,000 a wata. Shekaranjiya, 1 ga Maris, ta sake sauya tsarin: ta janye rangwamen dala 200 na wata, ta sa wa kowane nau'in hidima nasa adadin kyauta. Wanda ya gina sana'arsa kan taswirar haya, ko ta wane kamfani ce, a hannun mai gida lissafinsa yake.

Alhamis, 6 ga Maris

An sauke bayanai. Fayil ɗin duniya gaba ɗaya, wanda ake fitarwa mako-mako, ya haura gigabait 70 a matse, kuma ba mu da buƙatarsa. Kamfanin Geofabrik yana yanka shi ƙasa-ƙasa yana sabuntawa kullum, daga nan aka ɗauko guda biyu aka haɗa su da manhajar osmium.

Kuskuren farko namu ne. An sauke ƙasa ɗaya ranar Talata, ɗayar ranar Laraba. Yankakkun fayilolin suna ɗan hawa kan juna a bakin iyaka, to idan wani ya gyara titin iyakar tsakanin ranakun biyu, titin zai shigo sau biyu da lambar sigar da ta bambanta, kuma manhajar da za ta karanta fayil ɗin ta ƙi shi. Magani: a sauke duka a rana ɗaya.

Ginin bayanan bai da wuyar fahimta. Akwai ɗigo, mai lambobin wuri. Akwai zare, jerin ɗigo ne da bai wuce 2,000 ba; idan ƙarshensa ya koma farkonsa yana iya zama gini ko fili ko tafki. Akwai ƙulli, mai tara ɗigo da zare su zama abu ɗaya, kamar iyakar jiha ko dokar hana juyawa hagu. Ma'anar kowane tana cikin lakabin da aka liƙa masa, irin su highway=primary ko oneway=yes. Babu hukumar da ke tilasta lakabi. Kowa na iya ƙirƙiro nasa. Don haka kafin a dogara da kowane lakabi sai a duba taginfo, shafin da ke ƙirga lakabi, a ga sau nawa aka yi amfani da shi, da kuma yadda mutane suka rubuta shi a zahiri, ba yadda littafi ya ce ba.

Talata, 11 ga Maris

Hoton taswira ya tashi, kuma shi ne mafi sauƙi cikin huɗun.

Taswirar intanet tayil-tayil ce, wato ƙananan guntaye masu kusurwa huɗu da ake jerawa. A mataki na sifili duniya duka tayil ɗaya ce, kowane mataki na zuƙowa kuma yana ninka adadin sau huɗu, har mataki na 14 ya kai tayil 268,435,456. A da sai a zana kowace tayil a matsayin hoto a ajiye, abin da ke cinye faifai da lokaci. Yanzu layuka da sunaye kawai ake zubawa cikin tayil, wayar mai kallo ita ke yin zanen. Da manhajar Planetiler aka haɗa namu zuwa mataki na 14. Daga nan sama wayar tana faɗaɗa abin da ke hannunta, ba sai an ƙara tayil ba. An fitar da shi a fayil guda na PMTiles, aka ajiye a ma'ajiyar fayil ta yau da kullum. Manhajar tana neman daidai guntun da take so daga cikin fayil ɗin, don haka babu wata sabar taswira da za a riƙa gadi. Manhajar MapLibre ke zanawa a waya da burauza. Ita ma tarihinta na cikin wannan batu: a Disamban 2020 Mapbox, kamfanin taswira, ta rufe lasisin manhajar zanenta daga siga ta biyu, sai masu amfani da ita suka ɗauki sigar ƙarshe da ke buɗe suka ci gaba da ita da sabon suna.

Matsala biyu. Ta farko, teku. A OpenStreetMap ba a zana teku a matsayin fili ba, gaɓarsa kawai aka zana, da sharaɗin ƙasa tana hagun zaren, ruwa yana dama. Idan zare ɗaya ya tsinke ko aka juya shi, ruwa ya malale gari. Shi ya sa ba a haɗa teku daga ɗanyen fayil. Akwai shiryayyen fayil na ruwa da ake tantancewa kafin a fitar, Planetiler na sauke shi da kansa idan an ba shi umarni.

Ta biyu ta fi ban haushi don ƙanƙantarta. Da aka umarci salon taswirar ya fara nuna name:ha, wato sunan wuri da Hausa, inda yake akwai, sai wasu sunaye suka fito da giɓi a tsakiya. A salon da muka ɗauka, MapLibre ba ta amfani da haruffan da ke cikin waya wajen rubuta sunaye. Tana sauke su ne rukuni-rukuni, 256 a kowane rukuni. Harafin ƙ yana rukunin 256 zuwa 511, amma ɓ da ɗ suna na 512 zuwa 767, kuma nau'in rubutun da salon ya zo da shi ba shi da su. Inda harafi ya ɓace ba a samun ƙorafi, tsallake shi kawai ake yi, "ɗaki" ya koma "aki". An sake haɗa rukunan daga nau'in rubutu na Noto Sans, komai ya dawo.

Laraba, 12 ga Maris

An sa "© OpenStreetMap" a kusurwar ƙasa, da mahaɗi zuwa shafin haƙƙin mallaka. Sharaɗin lasisi ne, ba alfarma ba. An kuma cire adireshin tayil na shafin OpenStreetMap da wani ya bari a manhajar gwaji. Bayanan kyauta ne, amma sabar tasu da gudummawa take tafiya, kuma ƙa'idarsu ta hana a jingina mata nauyin kasuwanci.

Laraba, 19 ga Maris

Lissafin hanya. An zaɓi manhajar OSRM don ƙananan motoci, da matakai uku: osrm-extract ya tsamo titunan bisa ƙa'idojin da ke fayil ɗin car.lua, osrm-partition ya rarraba su gunduma-gunduma, osrm-customize ya lissafa nauyin kowane guntu. Akwai wata hanyar, osrm-contract, wadda ta fi saurin amsa, amma duk sauyin gudu sai an sake dogon lissafi. Tunda muna da niyyar shigar da gudun motocinmu nan gaba, hanyar matakai ukun aka ɗauka. Matakin farko shi ne mai cin RAM; a ƙaramin inji ya mutu a tsakiya ba sallama, sai da aka koma mai gigabait 64.

An tsara tafiye-tafiye 200 na gwaji, gajeru da dogaye, ana tura kowace ga tsarin biyu. Inda tsawon hanya ya bambanta da fiye da kashi 10 cikin ɗari sai mutum ya buɗe ya duba. Abin da aka gani ya kasu gida-gida.

Mafi yawa shi ne titin da ido ke gani a haɗe amma a bayanai ba a haɗe yake ba. Zare biyu sun zo har sun taɓa juna a hoto, amma ba su yi tarayya a ɗigo ɗaya ba. Ga injin, tsakaninsu katanga ce. Sai ya zagaya da direba ta wata unguwa don ya kai shi wurin da yake hange. Akasinsa kuma ya fi haɗari: gadar sama da titin ƙarƙashinta an ɗaure su da ɗigo ɗaya, injin ya ce wa direba ya juya dama daga saman gada. Gada tana buƙatar bridge=yes da layer=1, kuma kada ta haɗa ɗigo da abin da ke ƙasa.

Sai dokokin juyawa. Kowace ƙulli ce mai gaɓa uku: titin da aka fito, mahaɗar, da titin da aka hana shiga. Wani ya zo ya tsaga titin farko gida biyu don ya sa lakabin kwalta, idan manhajar gyaransa ba ta kula ba sai ƙullin ya rataya a guntun da bai taɓa mahaɗar ba, dokar ta mutu shiru.

Lokacin isowa kuwa, nan tsarin haya ya yi mana fintinkau, ba gardama. Inda ba a sa maxspeed ba, wato lakabin iyakar gudu, car.lua yana ɗaukar ƙiyasi daga darajar titi: kilomita 90 a awa ga babbar hanya, 65 ga primary, 55 ga secondary, 25 ga titin unguwa. Wannan gudun titi ne da babu kowa a kansa. Kamfanin haya kuwa yana ganin motsin ɗimbin wayoyi da motoci a daidai wannan minti. Ɗan sa-kai zai iya zana titi, ba zai iya zana cunkoson ƙarfe biyar na yamma ba.

A gefe guda, akwai inda taswirar buɗe ta yi nasara sarai: ƙananan hanyoyin ƙafa, lungunan da mota ba ta shiga, da sabbin titunan bayan gari da wani mazaunin wurin ya zana tun kafin motar awo ta taka can.

Manyan motoci an ware su ga Valhalla, wata manhajar lissafin hanya, domin tana karɓar tsayi da nauyin mota a cikin kowace tambaya. Sai dai amfaninta ya dogara da maxheight da maxweight, lakabin iyakar tsayi da na nauyi, kuma gadoji da yawa a yankin gwaji ba su da su. Har sai an cike wannan giɓi, tirela ba za ta bi umarnin sabon tsari ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Mako biyu a kan neman adireshi, kuma a nan gizo ke saƙar.

An kafa Nominatim, manhajar neman adireshi a bayanan OpenStreetMap, a kan rumbun bayanai na PostgreSQL da PostGIS. Ga ƙasa ɗaya abu ne mai sauƙi. Ga duniya duka masu manhajar da kansu suna ba da shawarar RAM gigabait 128 da faifai mai sauri na aƙalla terabait ɗaya, kuma shigarwar kwanaki take ci. Sabar tasu ta jama'a tambaya ɗaya a daƙiƙa ta yarda da ita, kuma ta hana irin neman nan da ke cika maka suna tun kana bugawa. Don wannan aka ɗora Photon a sama, mai ɗaukar bayanan Nominatim ya yi haƙuri da kuskuren rubutu da rabin kalma.

Manhajojin sun yi aikinsu. Bayanan ne babu. Titi ana iya zana shi daga hoton tauraron ɗan'adam ko daga wace nahiya mutum yake, haka rufin gida. Lambar gida da sunan titi da sunan shago kuwa ba a ganinsu daga sama. Sai wanda ya tsaya a bakin ƙofa. Shi ya sa za ka ga unguwa an zana kowane gini tsaf, amma ko ɗaya ba shi da addr:housenumber. Inda hukuma ta saki rajistar adireshinta a buɗe, kamar Holan, taswirar cike take. Inda ba a saki ba, ko ma babu rajistar, sai abin da ƙafa ta tattaro.

Shaguna da wuraren sana'a sun fi lalacewa, don su kullum cikin buɗewa da rufewa suke. A nan kamfanin haya yana da abin da 'yan sa-kai ba su da shi: mai shago da kansa ke zuwa ya rubuta sunansa da lokacin buɗewarsa, saboda yana son masu saye su same shi. Kwaɗayin ciniki ke sabunta masa bayanai, ba sai ya biya kowa ba.

An gwada cike giɓin da bayanan wurare na Overture, gidauniyar buɗaɗɗun bayanan taswira da wasu manyan kamfanoni suka kafa. Suna zuwa a tsarin GeoParquet, ana iya tace yankin da ake so da manhajar DuckDB ba tare da sauke duka ba, kuma kowane wuri yana da makin tabbaci tsakanin sifili da ɗaya. An ajiye na sama da 0.7 kawai a matsayin gwaji. Ya ƙara yawan abin da ake samu, ya kuma kawo nasa ciwon kai: shago ɗaya sau biyu da rubutu daban, da ɗigon da ya faɗa tsakiyar titi ko tsakiyar gari maimakon bakin ƙofa.

Shawarar da aka tsayar: neman adireshi zai ci gaba da zama a hannun kamfanin haya a yanzu. Amma a karanta yarjejeniyarsu da kyau, domin yawancin irin waɗannan kamfanoni suna hana a ajiye amsarsu dindindin ko a nuna ta a kan taswirar wani. Sashe ɗaya da aka bari a haya na iya ɗaure sauran ukun.

Litinin, 14 ga Afrilu

An fara gyara kurakuran a tushe, wato a OpenStreetMap kanta, maimakon a riƙa faci a kwafinmu. Faci na gida yana gogewa duk lokacin da aka sabunta fayil. Gyaran tushe kuwa yana dawowa da kansa gobe, kuma kowa ya amfana, har da abokan hamayya. Wannan ɓangaren ne ke yi wa masu riƙe da jaka wuyar haɗiya.

Tunda ma'aikata ne ke gyaran bisa umarni, ba sa-kai ba, aikin ya faɗa ƙarƙashin ƙa'idojin gyaran ƙungiya da gidauniyar OpenStreetMap ta amince da su a 2018. An rubuta bayanin aikin a bainar jama'a, an sanar da masu taswirar yankin kafin a taɓa komai, kowane ƙunshin gyara yana ɗauke da bayani da inda aka samo hujja. Ƙunshi ɗaya na iya ɗaukar sauyi 10,000, amma namu ƙanana ne, unguwa ɗaya matsala ɗaya, don mai dubawa ya iya janye wanda bai gamsu da shi ba.

Doka ta farko ga kowane mai gyara: ba a kwafa daga taswirar kasuwanci, ko sunan titi ɗaya, ko da "dubawa kawai". Masu taswira sun daɗe suna dasa ƙananan kurakurai da gangan don kama mai kwafa, kuma bayanan da aka gano na sata ne gogewa ake yi har daga tarihi. Hotunan Bing da na Esri an ba da izinin bin sawunsu, su ake amfani da su.

Hoton sama ma ba gaskiya ce tsantsa ba. Yakan goce da 'yan mitoci, musamman a wuri mai tudu, kuma gocewar ba ɗaya ba ce daga wannan gefen gari zuwa wancan. Sabon mai gyara yana ganin titi bai hau kan hoto ba sai ya ja titin, alhali hoton ne ya karkace. A JOSM, manhajar gyaran taswirar, ana fara kunna sawun GPS da mutane suka ɗora, a daidaita hoton da tsakiyar tarin sawun, sannan a fara zane. Sawu ɗaya bai isa ba, tunda GPS na waya na iya kuskuren mita biyar ko fiye ko a fili, tsakanin dogayen gine-gine kuma abin ya fi haka.

Don abin da sai an je an gani, an ba mutum biyu manhajojin waya na StreetComplete da Every Door: ta farko tana yin tambaya ɗaya-ɗaya, kwalta ce ko ƙasa, mene ne sunan titin nan, ta biyu ta fi dacewa da shaguna da lambobin gida. Da ɗan gari akan ci gari, kuma direbobi sun fi kowa sanin gadar da tirela ba ta wucewa. An sa musu maɓalli a manhaja na barin saƙo da hoto a daidai wurin.

An samu wata shawara ta a zubo gine-ginen da kwamfuta ta zana daga hoton sama, irin waɗanda Microsoft da Google suka saki, a loda su gaba ɗaya. An ƙi. A 2007 aka fara zuba bayanan TIGER na hukumar ƙidayar Amurka a dunƙule, kuma har yau ana tsintar hanyoyin gona da aka yi wa lakabin titin unguwa. Zubawa daƙiƙa ce, sharewa shekaru.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Sabuntawa. OpenStreetMap tana fitar da sauye-sauye minti-minti, kuma da farko an yi ɗokin bin na minti. An fasa.

Dalili shi ne ƙofar da ta bar ɗan gari ya gyara titinsa ita ce ta bar mai ɓarna ya shigo. A ƙarshen Agustan 2018 masu amfani da Snapchat da wasu manhajojin da ke kan Mapbox suka wayi gari an sauya sunan birnin New York da kalmar cin zarafin Yahudawa. An riga an janye ɓarnar a OpenStreetMap tun kafin ta bayyana a wayoyin. Kwafin da ya riga ya shiga bututun kamfani ne ya fito da ita. Haka bayan wasan Pokémon Go ya koma kan waɗannan bayanai a 2017, 'yan wasa suka riƙa zana wuraren shaƙatawa da tafkunan ƙarya a bayan gidajensu. Yawancin ɓarna ba ta daɗewa inda masu taswira suke da yawa. Inda suke ƙalilan tana iya yin watanni ba wanda ya lura, kuma mafi yawanta ma ba mugunta ba ce: yatsa ne ya ja ɗigon babbar hanya ya kai shi wata unguwa.

Tsarin da aka kafa: ana ɗaukar sauyin rana-rana, a tsare shi awa 48 kafin ya shiga aiki. A cikin wannan lokaci ana gwada sabon fayil da tafiye-tafiye 200 ɗin nan. Ana kuma ƙirga tsawon manyan tituna, a duba sunayen garuruwa da manyan hanyoyi ko wani ya sauya, a duba iyakoki ko sun tsinke. Idan wani abu ya yi tsalle, sai a tsaya kan fayil ɗin jiya, mutum ya buɗe OSMCha, shafin duba gyare-gyare, ya ga wanda ya yi gyaran da dalilinsa.

A lura da abin da ya faru a nan. Kuɗin haya ya ragu, amma ga albashin mai gadi ya shigo. Babban abin da kamfanin taswira ke sayarwa yau ba layin titi ba ne. Tantancewa ce, da yarjejeniyar cewa hidima ba za ta ɗauke ba, da lambar da za a kira idan ta ɗauke. Meta ta taɓa fitar da nata tataccen kwafi kyauta mai suna Daylight daga 2020, ta rufe shi a ƙarshen 2024 ta karkata ga Overture.

Laraba, 7 ga Mayu

Zama da lauya kan lasisi. Tun Satumban 2012 bayanan OpenStreetMap suna ƙarƙashin lasisin ODbL, bayan an baro lasisin Creative Commons. A wancan sauyi an goge gudummawar waɗanda ba su amince ba, abin da ya fi taɓa Ostireliya da Poland. Lasisin ya bambanta abu biyu. Hoton taswira ko amsar hanya da aka nuna wa mai saye, ambaton tushe ya wadatar. Amma idan aka cuɗa bayananmu da nasu suka zama rumbu ɗaya, aka kuma yi amfani da shi a bainar jama'a, to dole a buɗe wannan rumbun ko sauye-sauyen da aka yi, da lasisi iri ɗaya. Amfanin cikin gida bai jawo wannan sharaɗi. Don haka adireshin masu saye yana rumbunsa daban, ba ya haɗuwa da teburin tituna, kuma an rubuta wannan a takardar tsarin don kada wani injiniya ya haɗa su gobe don sauƙi.

Wannan sharaɗi na cikin abin da ya sa Overture ta raba lasisinta: tituna da gine-gine, da ke da tushe a OpenStreetMap, suna kan ODbL, wuraren sana'a kuwa akasari suna kan lasisin CDLA mai sassauci. Amazon da Meta da Microsoft da TomTom ne suka kafa ta a Disamban 2022 ƙarƙashin Linux Foundation, ta fitar da bayanan farko a Yulin 2023. Sunan TomTom a jerin shi ne abin dubawa. Kamfanin da ya biya yuro biliyan 2.9 don mallakar taswira yanzu sabuwar taswirarsa, Orbis, tana ɗibar OpenStreetMap a matsayin ɗaya daga cikin tushenta, shi kuma ya ɗora nasa a sama: cunkoso, iyakar gudu, layukan titi, abin da kamfanin mota ke biya. Grab ma, kamfanin sufuri a kudu maso gabashin Asiya, ta gina taswirarta a kan wannan tushe da bayanan direbobinta. Apple da Amazon da Microsoft duk suna da ma'aikatan da ke gyara a ciki da albashi.

A ganinmu, wanda ke cikin tsaka mai wuya shi ne kamfanin da hajarsa layin titi da suna ne kawai, ba shi da wayoyi ko motoci masu kawo masa labari. Su kuma 'yan sa-kai suna da tasu damuwar, kuma tana da tushe: idan mai saye ya saba ɗauka daga tataccen kwafi, ba ya sanin inda zai mayar da gyara, rijiyar da kowa ke sha kuma masu yashe ta su ragu.

Talata, 20 ga Mayu

Hoton taswira ya koma sabon tsari gaba ɗaya tun makon jiya. Lissafin hanyar ƙananan motoci yana kan sabon tsari a rukuni ɗaya na direbobi. Adireshi da tirela suna nan a haya.

An fara aikin gudu. Motocinmu suna aiko da wurinsu kowace daƙiƙa biyar. Ana yanke mita 300 na farko da na ƙarshen kowace tafiya kafin a ajiye, don kada sawun ya nuna ƙofar gidan kowa. Sauran ana tura shi sashen OSRM mai ɗora sawu kan titi, ya dawo da jerin ɗigon da motar ta bi. Daga nan ake lissafa gudun kowane guntu, a raba shi zuwa safe da rana da yamma da dare, a ɗauki gudun da ke tsakiyar jerin maimakon matsakaici, domin direba ɗaya da ya tsaya sauke kaya na minti ashirin ya isa ya ɓata matsakaici. Guntun da bai samu wucewa goma ba ana barinsa kan ƙiyasin car.lua. Fayil ɗin da ake ba osrm-customize layi-layi ne: lambar ɗigon farko, lambar na biyu, gudu a kilomita. Wannan ba cunkoson yanzu-yanzu ba ne, al'adar titi ce kawai, kuma tana rufe titunan da motocinmu ke bi ne kaɗai.

Matsalar da ta fito jiya: lambar ɗigo ba ta dawwama. Wani mai taswira ya goge wani shataletale ya sake zana shi da kyau, duk ɗigonsa suka samu sabbin lambobi, layukan gudunmu na wurin suka zama marayu, aka koma ƙiyasi ba wanda ya sani. Yanzu bayan kowace sabuntawa ana ƙirga layukan da ba su samu guntunsu ba, idan sun yi yawa a sake ɗora sawun kwana 30 na baya a kan sabon fayil. Overture tana da nata tsarin lambobi mai suna GERS da aka yi don irin wannan, lambar da ake so ta bi titi ko an sake zana shi; an sa gwada shi a jerin aikin Yuni, tare da auna tsayin gadoji 40 na farko da direbobi suka turo.